Sa Hannu Guda, Haƙƙin Mutum Dubu

Mutumin Suleja, in dai mai lura ne, ba ya bukatar a buɗe masa littafi kafin ya san abin da sa hannu guda yake iya aikatawa, domin kuwa da sa hannu guda, cikin watan Fabrairu na 1976, aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautar nan aka ce ta zama Babban Birnin Tarayya, kana daga bisani sunan da Abu Ja ya bar wa garin da ya kafa a 1828 ya bi ƙasar ya tafi, mu kuwa muka ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau muka suturta garinmu da shi. Tun daga sannan, kowace asuba ta Allah, motoci ke kwasar akawuna da masinjoji da direbobi da leburori daga unguwanninmu, su ratsa Madalla, su gifta Dutsen Zuma, su bi ta Zuba, su juye su a ƙofofin ofisoshin da ake rattaba hannu a kan takardun da ke ɗaure mutum ko su kwance shi. Mu ne masu ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, amma ba safai ake tambayarmu abin da ke ciki ba.

Mas'aloli uku ne suka cika bakin lauyoyi da 'yan jarida a 'yan shekarun nan, watau afuwar da shugaba ke yi wa waɗanda kotu ta hukunta, da haɗewar kamfanoni musamman bankuna, da dokokin da ake ta sabuntawa don tsaron kasuwar kuɗi. A jami'a kowacce da malaminta da ajinta, har mai karatu ya zaci ba su san juna ba. Ni kuwa da na daɗe ina jujjuya su, sai na ga tambaya guda ce ke ƙarƙashinsu duka, wadda ko tsohuwar da ke sayar da daddawa a Kasuwar IBB za ta iya yi: shi wanda ya yafe, ko ya bayar, ko ya ɗaga ƙafa, abin nasa ne, ko kuwa kyauta ya yi da kayan wani?

Bari in fara da afuwa, tun da ita ce ta shigo mana har cikin gari. Sashe na 175 na tsarin mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ya yafe wa mutum laifin da ya shafi dokar tarayya ɗungurungum, ko ya jinkirta zartar da hukunci, ko ya musanya mai tsanani da mai sauƙi, ko ya rage, da sharaɗin ya shawarci Majalisar Magabata ta Ƙasa. Sashe na 212 kuma ya ba gwamna irin wannan iko a kan laifuffukan dokar jiharsa. Shawara aka ce, ba a ce sai majalisar ta yarda ba. Ba a kuma wajabta masa bayyana dalili ba, balle a ce ya nemi jin ta bakin wanda aka zalunta. Ikon yana da amfani wanda mai hankali ba zai musa ba. Da shi Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Yakubu Gowon a 1981 da Odumegwu Ojukwu a 1982, ƙasa ta ɗan huce daga tabon yaƙin basasa da na juyin mulki. Kuma alƙali, kome iliminsa, ɗan Adam ne, yana iya kuskure, dokar da yake karantawa kuma ba ta da idon da za ta ga tsufa ko cuta ko tuba.

Ranar 9 ga Oktoba 2025 Majalisar Magabata ta zauna, aka fito da sunayen mutum 175 da Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa ko sassauci bisa shawarar kwamitin da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ke shugabanta. Cikinsu akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kamar Herbert Macaulay da Turawa suka ɗaure a 1913, da Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas na Ogoni, da ɗan jiharmu Manjo Janar Mamman Vatsa, mawaƙi kuma tsohon ministan Abuja, wanda aka harbe a watan Maris na 1986 bisa tuhumar juyin mulki a zamanin abokin ƙuruciyarsa Janar Babangida. Waɗannan ba su tayar da ƙura sosai ba, ko da yake mutanen Ogoni sun ce su wankewa suke nema, domin yafewa tana nufin an yi laifi ke nan. Akwai Farouk Lawan, tsohon ɗan majalisa daga Bagwai da Shanono, wanda aka samu da laifin karɓar dala 500,000 lokacin binciken tallafin man fetur na 2012, ya kuma riga ya gama zaman shekara biyar ɗinsa a gidan yarin Kuje. Amfanin afuwarsa shi ne ta share masa tabon da ke hana mutum tsayawa takara. Amma sunan da ya sa ƙasar ta ɗauki zafi shi ne na Maryam Sanda, wadda Babbar Kotun Abuja ta yanke wa hukuncin kisa ranar 27 ga Janairu 2020 saboda mutuwar mijinta a watan Nuwamba na 2017, wadda kuma a nan gidan yarin Suleja ta yi shekara shida da wata takwas kafin a ambaci sunanta.

Abin da ya biyo baya ya isa a karantar da shi a aji. Mahaifin mamacin ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi ya yafe, har ma shi ya roƙi gwamnati saboda 'ya'ya biyu ƙanana da aka bari. Dangin da suka raini mamacin kuma suka fitar da takarda suka ce an fama musu gyambo, ba wanda ya tuntuɓe su. Da surutu ya yi yawa, ga kuma masu safarar miyagun ƙwayoyi da masu garkuwa da mutane da aka tsinta cikin jerin, sai fadar shugaban ƙasa ta sake zama, a ƙarshen Oktoba ta zare sunaye masu yawa, ta mai da na Maryam ɗaurin shekara 12, ta kuma ɗauke sakatariyar kwamitin afuwa daga Ma'aikatar Ayyuka na Musamman ta mai da ita Ma'aikatar Shari'a. Ba a gama numfasawa ba, ranar 12 ga Disamba 2025, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya, ta tabbatar da hukuncin kisan, ta kuma nuna cewa bai dace ɓangaren zartarwa ya miƙa hannu da afuwa ba alhali ɗaukaka ƙara tana gabanta. Nan lauyoyi suka rabu. Wasu suka ce lafazin sashe na 175 ya haɗa har da wanda ake tuhuma ba a kai ga hukunta shi ba, saboda haka wanda aka ba ikon ya yafe kafin shari'a ta fara ba za a ce ba shi da ikon yafewa tana tsakiya ba. Wasu suka ce in aka bar wannan ƙofa a buɗe, to alƙalai sun zama masu wasan kwaikwayo, suna ta rubuce-rubuce a kan abin da aka riga aka warware a wani ɗaki. Ni na fi karkata ga na biyun, ba don hujjar lafazi ta fi ƙarfi a wajensu ba, sai don ladabi tsakanin hukumomi yana daga cikin abin da ke riƙe da ƙasa, kuma jinkirin 'yan watanni ba zai rage wa rahama kome ba.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan al'amari daki-daki. Sun raba haƙƙin Allah da haƙƙin bawa. Haddi, in ya riga ya kai gaban mai mulki, babu ceto a cikinsa, kuma ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da aka turo Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci sananniya ce ga kowane almajiri. Ƙisasi kuwa haƙƙin waliyyan jini ne, su ke da ikon su nema, ko su yafe, ko su karɓi diyya. Sarki ba ya yafe jinin da ba na gidansa ba, kuma ko sun yafe, mazhabarmu ta ce a yi wa mai kisan ganganci bulala 100 a tsare shi shekara guda, domin jama'a ma suna da nasu rabo cikin abin da aka ɓata. In kisan na yaudara ne don a ƙwaci dukiya, wanda daga sunansa na Larabci muka sami kalmar nan ta kisan gilla, to ko waliyyan ba su da ikon yafewa. Inda aka sakar wa mai mulki mara shi ne ta'aziri, can ma an ɗaure shi da maslahar jama'a. Ba ina cewa a ɗauki Risala a kai Kotun Ƙoli ba ne, domin shari'ar Maryam a ƙarƙashin kundin Final Kod aka yi ta. Abin da nake nunawa shi ne, tambayar da tsarin mulkinmu ya tsallake, watau wane ne mai haƙƙin, ita ce ta farko da fiƙihu ya fara yi, kuma rigimar da ta tashi tsakanin uba da dangi ta nuna cewa jama'a har yanzu da wannan ma'auni suke awo ko da doka ta manta da shi.

Gidan yarin da ake maganar ma kowa a garin nan ya san shi. Daren 24 ga Afrilu 2024 aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, katangarsa ta zube, fursunoni fiye da 100 suka bi duhu suka fice, garin ya kwana da jiniya da fitilun motocin jami'ai. Da ministan cikin gida ya zo duba ɓarnar sai ya faɗa da bakinsa cewa ginin na zamanin Turawa ne, an yi shi don mutum 250, amma 499 ke ciki. A ƙasa baki ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifin kome ba tukuna, saboda haka afuwa ba ta ma san da zamansu ba. A watan Nuwamba na 2023 aka tara naira miliyan 585 daga masu taimako aka biya tarar mutum 4,068 aka sake su. In ka raba za ka ga kowane ɗaya abin da ya riƙe shi bai wuce kimanin naira 144,000 ba. Sai mai karatu ya ajiye wannan adadi a gefe, ya tuna cewa a watan Afrilu na 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta yafe wa tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda hukumar EFCC ta shafe fiye da shekara goma tana bin shari'arsu a kan kuɗin jama'a da ya haura biliyan guda kowannensu, har Kotun Ƙoli ta tabbatar.

A watan Maris na 2013 kuwa, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya yafe wa tsohon maigidansa Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa, hankalin duniya duk ya tafi can, sai kaɗan ne suka kula da wani suna da ke cikin jerin, na Shettima Bulama, tsohon shugaban Bankin Arewa. Ta wannan suna ne za mu ƙetara zuwa mas'ala ta biyu.

Bankin Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 a zamanin Sardauna, wanda doguwar hedikwatarsa a Kano ta daɗe tana cikin gine-ginen da baƙo ke fara hangowa, ya kasance abin alfaharin jihohin Arewa har zuwa lokacin da basussukan da ba a biya ba da rashin amana suka durƙusar da shi. Ranar 6 ga Yuli 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, ko ya nemi abokin haɗewa, ko ya miƙa lasisi. Bankuna 89 suka koma 25. Tara daga cikinsu, har da Bankin Arewa da Intercity na Minna da Tropical Commercial na Kano, aka zuba su tukunya guda aka kira ta Unity Bank a farkon 2006. Bayan shekara 18, a watan Maris na 2024, wani gwamnan Babban Bankin, Olayemi Cardoso, ya sake ɗaga sandar: biliyan 500 ga mai hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na yanki, wa'adi 31 ga Maris 2026. Tarihi ya maimaita kansa, sai dai wannan karon 'yar Bankin Arewa, watau Unity, ce ake nema wa miji.

Kalmar miji ba tawa ba ce, ta kawuna ce. Tsohon hedimasta ne, ya yi shekara 35 yana cin alli, da aka ba shi kuɗin sallama a 2007, lokacin da kowane banki ke talla a rediyo yana kiran jama'a su zo su zama masu banki, ya ɗebi kaso mai tsoka ya sayi hannun jari a ɗaya daga cikinsu. Takardar shaidar tana nan cikin akwatin ƙarfensa, ƙarƙashin babbar rigar Salla, tana ƙamshin kafur, an buga mata hatimi ja, gefenta ya fara cin tsatsar ƙusar fayil. Bankin nasa ya shiga wani, wanin ya shiga wani, aka dunƙule hannayen jarin aka ce kaza sun koma ɗaya. Takardar kiran taron da za a yanke shawara, a wani otal a Legas, ta iso akwatin gidan waya bayan an yi taron an watse. Ranar da na je gaishe shi na tarar da ita a kan tabarma, sai ya miƙo mini ya ce, "Karanta mini, ɗana, idona ya yi rauni. An ce an ɗaura wa bankinmu aure." Na ce, "Haka ne, Kawu, kotu ma ta amince." Ya yi shiru, ya gyara tabarau, sannan ya ce, "To, ni da nake cikin waliyyai, wa ya zo neman izinina? Kuma sadakin, hannun wa ya shiga?"

Amsar da doka za ta ba Kawu ita ce an nemi izininsa, shi ne bai zo ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce in za a haɗe kamfanoni biyu, Babbar Kotun Tarayya ce za ta ba da umarnin a kira taron masu hannun jari, kuma in waɗanda ke riƙe da kashi uku cikin huɗu na darajar hannayen jarin da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a suka yarda, kotu ta sa albarka, to magana ta hau kan kowa, da wanda ya ƙi da wanda bai ji ba. A lura da abu biyu: naira ake ƙirgawa, ba kawuna ba, kuma na waɗanda suka halarta kaɗai. Mutum biyar masu manyan riguna suna iya cika sharaɗin alhali dubu ɗari irin Kawu suna gida. Ba zan ce ƙa'idar zalunci ce tsantsa ba, domin in aka ce sai kowa ya yarda, mutum ɗaya mai taurin kai zai iya riƙe dukiyar dubbai. Fiƙihu ma da ya ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, ya fifita shi a kan bare in za a sayar da rabon gona ko gida, bai ba shi ikon hana ciniki har abada ba. Amma shuf'a tana tabbatar da cewa an ƙwanƙwasa ƙofarsa. Kuma hukuma tana iya tsayawa wa ƙananan in ta ga dama: a 2024, da uwar kamfanin PZ Cussons ta Ingila ta so ta saye hannayen ƙananan masu jari a kan naira 23 kowane ɗaya ta fice daga kasuwa, Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta ƙi ba da amincewarta, cinikin ya mutu.

Wa ke da ikon amincewa ma wata rigima ce. Har zuwa 2019 hukumar hannayen jari ce ke tantance haɗewa; dokar gasa da kare masu saye da aka sa wa hannu a farkon shekarar ta ɗauke wannan ta ba sabuwar hukumar FCCPC; dokar bankuna ta 2020 ta zo ta ce in dai banki ne, to Babban Banki ke da magana; man fetur na da tasa hukumar, sadarwa na da tata. Gari mai limamai da yawa, ba a rasa saɓani ranar ganin wata. A watan Agusta na 2022 fadar shugaban ƙasa ta ba da sanarwar cewa Buhari, a matsayinsa na ministan mai, ya amince kamfanin Seplat ya sayi kadarorin ExxonMobil na dala biliyan 1.28, hukumar da ke kula da haƙar mai ta ce ita ba ta yarda ba, kafin mako ya zagayo fadar ta janye, cinikin bai kammala ba sai Disamba 2024.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wannan. Ranar 3 ga Yuni 2024 Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta biya kowane mai ajiya har zuwa naira miliyan 5, wanda kuwa kuɗinsa ya haura haka aka ce ya jira a sayar da kadarori, kuma rabon farko da aka yi musu a watan Afrilu na 2025 kwabo 9.2 ne a kan kowace naira. Bayan wata biyu kacal da rufe Heritage, a watan Agusta, Babban Bankin nan dai ya amince da tallafin naira biliyan 700 don Unity ya haɗe da bankin Providus, bashin shekara 20 da sassaucin shekara biyar kafin a fara biya, babban kaso daga ciki kuma don a goge basussukan da ke wuyan Unity ne. Masu hannun jari suka amince a watan Satumba na 2025. Bankuna biyu marasa lafiya, ɗaya aka yi masa salla, ɗaya aka kai shi asibiti da kuɗin jama'a. Akwai hujja mai ƙarfi ga ceton, ni ma na san ta: rassan Unity sun yawaita a garuruwan Arewa inda wani bankin bai damu ya je ba, albashin ma'aikata da kuɗin manoma na bi ta cikinsa, kuma kawar da mafsada babba da ƙarama ƙa'ida ce da malaman usulu suka yarda da ita. Sai dai duk sunan da aka ba shi, wannan afuwa ce: an ɗage hukuncin da doka ta tanada, bisa ganin damar mai iko, da dukiyar waɗanda ba a tambaya ba. Wanda ya ajiye kuɗin fansho a Heritage yana da haƙƙin a gaya masa, a rubuce, da wane mudu aka auna aka ga nasa bankin bai cancanci rahama ba.

Mas'ala ta uku ba za ta ɗauke mu lokaci ba, domin rabin bayaninta ya riga ya gabata. Kasuwar hannun jari da Kawu ya shiga ta kai ƙololuwa a watan Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ta zubar da fiye da rabin darajarta; da gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya buɗe littattafai ya kori shugabannin bankuna biyar ranar 14 ga Agusta 2009, ya zuba naira biliyan 620 cikin bankunan da suka raunana, sai aka ga cewa wasu bankunan suna ba da rance ne a sayi hannayen jarinsu don farashi ya hau. Wannan shi ne najashi da malamai suka hana tun fil azal, watau ƙara wa kaya kuɗi ba don kana so ba sai don na bayanka ya ruɗu, an dai sa masa kwat da wuyan riga. Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ta amsa laifi a watan Oktoba na 2010, ta sallama kadarorin da aka ƙiyasta sun kai naira biliyan 190 da ɗoriya, aka ɗaure ta wata shida.

Yanzu ɓarawon ya bar bene ya shiga waya. A ƙarshen 2016 shirin ninka kuɗi na MMM ya rufe da kuɗin mutane, hukumar NDIC ta ce kimanin mutum miliyan uku sun yi asarar naira biliyan 18. A watan Afrilu na 2025 CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya ɓace da na wasu, kuma duk wanda ke zama majalisar samari a garin nan ya ga yadda waya ke zagayawa hannu zuwa hannu ana nuna lambobi kore suna hawa. Uwar adashi, kome rashin kirkinta, an san gidanta, an san mijinta, ana iya kai ƙararta wurin mai unguwa. Wannan kuwa gararin da aka hana ne tsagwaronsa, sayen kifi a ruwa daga hannun wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta shigar da kuɗin intanet ƙarƙashin hukumar hannayen jari, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da zai kai shekara 10, ko duka biyu, ga mai shirya irin wannan damfara. Doka ce mai kyau a takarda. Amma muhtasibi, wato mai hisbar kasuwa na zamanin da, ƙarfinsa ba ya cikin sandarsa, yana cikin sanin da 'yan kasuwa suka yi cewa in ya fasa mudun algus ba wanda zai bi ta bayan gida ya ɗinke shi. A Amurka, Changpeng Zhao mai kamfanin kuɗin intanet na Binance ya amsa laifin sakaci da dokar hana halatta kuɗin haram a 2023, kamfaninsa ya biya dala biliyan 4.3, shi ya yi wata huɗu a kurkuku, sai ga Shugaba Trump ya yafe masa a watan Oktoba na 2025, watan da muke namu rikicin afuwar. Jami'in kamfanin kuma da aka tsare a Kuje a 2024, gwamnatinmu ta janye tuhumarsa a watan Oktoba na shekarar bisa dalilin rashin lafiya, bayan matsin lamba daga Washington. Matashin ma'aikacin da aka ba fayil ɗin wani babba ya bincika yana karanta waɗannan labarai kamar kowa, yana kuma yin lissafinsa.

Gyaran da nake gani ba ya bukatar a ƙwace ikon daga hannun kowa. A wajabta wa mai afuwa ya buga sunaye da dalilai kafin ya sa hannu, a ba wanda aka zalunta ko magadansa kwanaki su yi magana, kada a taɓa shari'ar da ke gaban kotu, kuma wanda ya ci dukiyar jama'a ko ta masu ajiya kada a dube shi sai ya mayar, domin ko a wajen malamai tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika sai da mayar da abin da aka ɗauka. Babban Banki ma, ranar da zai ceci wani ya bar wani, ya ajiye ma'auninsa a fili gaban majalisa. Taron masu hannun jari kuwa, a zamanin da ake tura wa mutum saƙon bashin kati sau uku a yini, babu uzurin a ce sai ta akwatin gidan waya za a kira shi.

A 2023 hukumar hannayen jari ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai naira biliyan 190, kuma dokar kuɗi ta 2020 ta riga ta ba gwamnati damar ta ranci duk wadda ta shekara shida ba a nema ba, ta riƙe a wani asusu har mai ita ya bayyana. 'Yar ribar Kawu tana cikin wannan tari. Na ɗauko masa fom, muka cike, muka haɗa da lambar BVN da hoto, na kai ofishin magatakardan da ke riƙe da rajistar a Abuja. Bayan mako uku aka dawo da shi, wai sa hannun bai yi daidai da na 2007 ba. Hannun nasa yanzu rawa yake yi. Jiya da la'asar na same shi a zaure, ya ɗora tsohuwar takardar shaidar a gwiwa ɗaya, bayan kalandar bara a ɗaya gwiwar, yana kwaikwayon sa hannun kansa layi bayan layi, ya ɗago ya ce, "Duba mini wannan na ƙasan, ɗana, ya yi kama?"